Makullin Baba Ilyasu

Litinin, 8 Janairu 2024
An gama kafa famfon sola a Jiratawa. Gonaki sittin da huɗu, ni ne kuma shugaban ƙungiyar manoman. Daga yanzu allo zai raba ruwa: kowace gona da lambarta, da ranarta, da awarta. Ni na zana shi, kuma na yaba wa kaina.

Saura Baba Ilyasu, abokin mahaifina. Shekara ashirin da shida shi ke buɗe ƙofofin ruwa, ba takarda, da ka kawai. Matasa na ƙorafi wai yana son kai, yau ya ba wannan, gobe ya tsallake wancan.

Alhamis, 11 Janairu
Na karɓi makullin ƙofofin ruwa a wurin taro, gaban kowa, na ba Ya'u, ɗaya daga cikin matasan, tunda ya iya karatu. Baba ya miƙo da hannu biyu. "Ga shi, Lawali. Allah shi ba ka iko." Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Zuliha, matata, ta ce babba gida ake iske shi tukuna. Na ce mata aikin ƙungiya ba zumunci ba ne. Abincin dai bai shiga ba.

Asabar, 27 Janairu
Komai na tafiya daidai. Ba wanda ya yi faɗa. Ba wanda ya yi mini hira kuma.

Laraba, 7 Fabrairu
Dashen albasar Zakariya'u, gona ta 41, ya ƙone ƙurmus. Mahaifiyarsa ta rasu, yana zaman makoki, ranar ruwansa ta wuce. Ya'u ya ga ba kowa a gonar, ya bi allo, ya wuce ta 42. Ni na ce masa kada ya kauce wa allo ko don ubansa.

Na je ta'aziyya da kaina ran Lahadi, na yi addu'a, na hau moto na dawo gida Maraɗi. Ko sau ɗaya gonarsa ba ta faɗo mini a rai ba.

Juma'a, 9 Fabrairu
Tsahara mai zogale ta tare ni bakin biro, ofishin ƙungiya. "Shugaba, kai ba ka san mi Baba ka yi ba? In an yi mutuwa ko haihuwa, shi ka shayar da gonar mutum, shi maida wani baya. Bai taɓa faɗi ba, don kar mai gona shi ji nauyi."

Ashe son kan da na hukunta ke nan. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Lahadi, 18 Fabrairu
Baba ya koma wurin 'yarsa a Tsibiri. Na je. Ya rame. Na durƙusa na aje makullin da na karɓo wurin Ya'u gabansa, ya turo mini shi da yatsa. "Ƙafafu sun mutu, ɗana. Aikin ne ka riƙe su, da na zauna sai suka zauna." Ya tambayi albasar Zakariya'u. Na kasa yi masa ƙarya.

Na yi kuka a hanya.

Laraba, 28 Fabrairu
Allo na nan, tsarin ba shi da laifi, har yanzu haka nake gani. Na dai goge yammacin kowace Laraba, na bar shi ba lamba. Da safe na zagaya gari ina tambayar gidan da aka yi rashi da wanda ke kwance. Gona ta 17 na shayar, mai ita bai sani ba.

'Yan komiti sun tambayi dalilin gurbin. Na ce musu don wanke sola ne.