Saƙonnin da Baba Ya Rantse Ba Zai Buɗe Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, don a Tamale in ka yi atishawa a Nyohini sai wani a Dungu ya ce maka yarhamukallah. Don Allah ku ba ni shawara, masu sanin waya da kwamfuta da kuma malamai duk ina buƙatarku, saboda matsalar tawa ta haɗa ɓangarorin biyu, kuma wallahi ta hana ni sukuni.

Mu biyu mahaifinmu ya haifa, ni da yayana namiji. Baba yana sayen ƙwarar kaɗanya da waken suya a ƙauyuka yana tura wa kamfanoni a kudu, ni kuma ina zama a ɗan ofishin da ke gaban sito ina amsa wa masu saye. Imel ɗaya muke amfani da shi, na Baba, yana kan kwamfutar ofis, yana kuma kan wayarsa.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Mma, ranar sadakar arba'in, Baba ya faɗa a gaban jama'a cewa daga yau Yaya ne zai riƙe sito. Yaya ya buɗe baki ya ce shi ya samu aiki a tashar jiragen ruwa a Takoradi, kuma ba zai ƙare rayuwarsa cikin ƙurar buhuna ba. A gaban liman da abokan Baba fa. Na san bai kyauta ba, shi ma yanzu ya sani. Nan take Baba ya rantse da Allah ba zai ƙara ɗaukar kiransa ba, ba zai karanta saƙonsa ba, sai ranar da ya tako da ƙafarsa ya durƙusa. Ya sa na toshe lambar Yaya a wayarsa, imel kaɗai ya rage. Yaya kuwa kusan duk Juma'a sai ya rubuto, amma ya ce ba zai zo ba sai Baba ya amsa masa ko da kalma ɗaya ce, don yana tsoron a kore shi a idon unguwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan gado ne.

Baba ya ce min kada in buɗe, kada in goge, in bar su su taru. Kun san saƙon da ba a buɗe ba rubutunsa baƙi ne mai kauri, in an buɗe sai ya koma siriri. To duk abokin da ya zo da maganar sulhu, Baba zai ja shi ofis ya ce in nuna masa, ga su nan a jere baƙaƙe, ya ce kun gani, ko ɗaya bai taɓa ba. Abin ya zama masa kamar wata lambar yabo. Ni ma duk sanda Yaya ya tambaye ni, sai in ce ba a buɗe ba, don abin da idona ya gani ke nan.

Da tsohuwar kwamfutarmu ta mutu aka sayo sabuwa, Kwame mai gyara ya zo ya saita mana. Yana haɗa kayansa ya ce min, "Madam, yanzu waya da kwamfuta duka ɗaya ne o. In ka buɗe nan, ya buɗe can. In ka buɗe can, ya buɗe nan." Na ce to, ban ma sa maganar a raina ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina ofis ina cin wake da shinkafa, Baba yana can ƙuryar sito kan tabarmar da yake kishingiɗa da rana. Saƙon Yaya ya shigo baƙi kamar kullum. Ina kallo, hannuna cikin abinci, sai na ga ya koma siriri. Can an jima ya sake komawa baƙi. Na ɗauka 'yan damfara ne suka shigar mana. Da abin ya maimaita Juma'ar gaba sai na lallaɓa na leƙa ta tsakanin buhuna. Baba ne, tabarau a kan karan hanci, waya dab da fuska, leɓɓansa suna motsi, yana goge ido da bakin riga. Da ya gama ya danne saƙon da yatsa ya mayar da shi kamar ba a taɓa ba. Baban da ko ƙarar waya zai rage sai ya ƙwala min kira! Har yau ban san wanda ya koya masa ba. Na koma ofis na kifa kai a tebur na yi kuka, abincin ma ban ƙarasa ba.

Daga nan na fara lura. Ba sababbin kaɗai yake buɗewa ba, har tsofaffin. Akwai wanda Yaya ya sa hoton 'yarsa da ya raɗa wa sunan Mma, na gane shi don hoton yana bayyana a kan saƙon ko ba a buɗe ba, wannan kam kusan kullum sai ya koma siriri ya dawo baƙi. Na yi shiru da bakina, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In Yaya ya tambaya sai in ce suna nan yadda ka san su.

Makon jiya Yaya ya kira ni muryarsa a sanyaye, ya ce ya gaji da magana da bango. An ba shi aiki a cikin jirgin ruwa da ke daɗewa a waje, ya rubuta wa Baba na ƙarshe, in wannan ma ba a buɗe ba zai karɓi aikin ya daina rubutu. Maganar ta zo min har leɓe na haɗiye. Na san halin yayana, in na faɗa masa, kafin rana ta faɗi zai rubuta wa Baba cewa ya san yana karantawa, ko ya kira Kawu ya ba shi labari, shi ke nan gobe maganar tana bakin masallaci.

Saƙon ya shigo, sai ga na wani mai saye ya biyo a kansa. Na kai hannu zan buɗe na mai sayen, maus ɗin kwamfuta ya zame min na danna na Yaya. Kafin in mayar da shi baƙi aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu a gabana. Ban gama salati ba na ji takun Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ya tambaye ni ko abin da aka taɓa a wannan injin yana fitowa a waya. Na ce e, kuskure ne, wallahi ban karanta ba. Mu duka mun san mutumin da ba ya duba saƙonnin nan ba zai lura da wannan ba. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa, "To wanda aka taɓa a waya fa, yana fitowa a nan?"

Jama'a ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar. Na ce ban sani ba, amma zan tambayi waɗanda suka sani. Ya ajiye wayar a kan teburina ya ce in tambaya, in yana fitowa in cire masa imel ɗin daga wayar baki ɗaya. Tun ranar ƙaramar tsohuwar wayarsa mai madannai yake riƙewa, babbar tana cikin durowata. Yadda ya fito da sauri, na tabbata bai karanta na ƙarshen ba, bai ma san na ƙarshe ba ne.

In na ce masa ba ya fitowa, na yi wa mahaifina ƙarya, kuma Kwame yana nan bakin titi, tambaya ɗaya za ta tona ni. Na yi tunanin in sa Kwame ya raba wayar da kwamfutar yadda suke a da, don maganata ta zama gaskiya, to amma sai mu koma gidan jiya, Baba yana karantawa a ɓoye, Yaya yana can yana zaton an manta da shi, har jirgi ya tashi. In kuma na faɗa masa gaskiya, zai san na daɗe ina kallonsa yana nuna wa abokansa saƙonnin da na san ya karanta, kuma Baba zai iya haƙura da ɗansa a kan ya ɗauki wannan kunyar. Malamai, na ji ana cewa rantsuwa irin wannan kaffara ake yi a wuce, to ta yaya 'ya za ta ce wa ubanta ya yi kaffarar rantsuwar da bai yarda ya karya ba?

Kullum da safe in ya shigo sai ya ce, "Kin tambaya?" ba ya ko kallona, in ce tukuna. Yau da zai fita ya tsaya, ya daɗe yana kallon durowar, sannan ya ce in ƙoƙarta in tambaya da wuri. Na ce masa zan tambaya, ga shi na tambaya. Don girman Allah, me zan ce wa mahaifina gobe da safe?