Tagar Ɗakin Majken

Brattmyra,
25 ga Oktoba, 1964.

Zuwa ga ƙanwata Majken,

Gaisuwa mai yawa daga gidanmu zuwa naku, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Rolf da yara. Allah ya tsare ku a can Kanada, ya ba Rolf sa'a a wurin aikinsa na katako, ya raya mana Lennart da Anita. Mu nan sai godiya. Ciwon bayan mijina Sixten ya yi sauƙi, sai dai yakan tuna da shi duk ranar da aka ce a kwashe taki. Kawu Helmer ya sayar da shanunsa biyu, yanzu ba shi da aiki sai zagayen gidajen mutane yana koya musu yadda ake jera itace. Mama tana nan da ƙarfinta na baki, amma idanun sun ƙara yin hazo, yatsun kuma sun kumbura har ba ta iya saka maɓallin rigarta. Ni nake saka mata kowace safiya.

Lokacin kaka ya zo mana da wuri bana. Mun tone dankali cikin ruwan sama, buhu goma sha huɗu, ni da Sixten muka sauke su ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Na cire karas na binne a yashi, na kitse albasa na rataye, na tsince tuffa na naɗe masu kyau a jarida. Ganyen bishiyoyin bakin hanya kuwa, kin san halinsa: in na share da safe, kafin yamma ya dawo kamar ban taɓa manjagara ba. Baro ashirin da uku na tura bayan garke. Na hau tsani na yashe indararo, na tarar da mushen tsuntsu a ciki, na wanke tukwanen furanni, na rufe wa rijiya baki da sabon katako. Da daddare hannuwana ba sa rufuwa. Ba don ki tausaya mini nake lissafa miki ba. So nake ki san a wane hali ƙunshinki ya same ni.

Ya iso ranar da muke tonon dankali, gyale shuɗi da hotonku a gaban sabuwar mota. Majken, da kin ga Mama. Ta ɗaura gyalen a kan rigar barci ta sha kofi da shi. Ranar Lahadi ta tsaya a ƙofar coci tana miƙa wa kowa hoton, har fasto sai da ya sa tabarau ya yaba motar. Maƙwabciyarmu Dagny ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce wai ni ma in shiga jirgi in tafi, ko na sami wanda zai yi yawo da hotona, don da alama a gidanmu sai mutum ya ɓace ake ganinsa. Na yi dariya saboda mutane, amma maganar ba ta bar raina ba har muka iso gida. A ranar na yi wa Mama gashin naman alade da dankalin da na tona da hannuna, ta ci ta ce gishiri ya yi yawa, wai ke hannunki bai taɓa wuce gona da iri a gishiri ba. Ke da ba ki taɓa dafa ƙwai a gidan nan ba tare da kin ƙona tukunya ba!

Bari in faɗa miki kai tsaye, tunda takarda ba ta ganin fuskar mutum: kishinki nake yi. Shekarata hamsin da biyu, gashina ya yi furfura, kuma ina kishin ƙanwata kamar lokacin da Baba yake ɗora ki a kan doki ni ina riƙe da linzami. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni nake karanta wa Mama wasiƙunki. Kowace shekara kina rubuta mata cewa wataƙila ku zo Kirsimeti, ni kuma kina cusa mini 'yar takarda dabam cewa ba zai yiwu ba, kada in gaya mata. Sai in karanta mata “wataƙila” da muryata, in ga fuskarta ta washe, in tura 'yar takardar cikin aljihun gaban rigata. Guda goma sha ɗaya ke nan, suna cikin gwangwanin shayi a bayan fulawa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Litinin da ta wuce muka saka tagogin ciki, na biyun nan da ake ƙara wa kowace taga don tare sanyin hunturu. Sixten ya sauko da su daga saman rufi, na wanke gilasan da ruwan tsami, muka bi lambobin da Baba ya zana a jikin katakon da ƙusa. Mama ta zauna a teburin kicin tana yanka jarida siri-siri da laluben hannu, ni kuma ina shimfiɗa auduga tsakanin gilashi da gilashi, ina ɗora busassun furanni a kai, sannan in shafa wa takarda kunun fulawa in liƙe duk wata kafa. Takwas muka saka. Ta tara, ta ɗakinki na sama da ke kallon arewa, Sixten ya jingine ta a bango kamar kullum, don ya san dokar. Tun da kika tafi Mama ba ta yarda a saka ta, wai Majken ba ta iya barci sai ta ɗan buɗe taga, in an liƙe numfashinta sarƙewa yake yi, kuma ba za a ce yarinya ta keto teku ta zo ta tarar an toshe mata ɗaki har bazara ba.

Ke ba ki san abin da gilashi ɗaya yake yi wa gida a watan Janairu ba, ko kuma kin manta. Sanyi yana gangarowa ta matakala kamar ruwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga kicin inda gadon Mama yake. Na toshe ƙofar da tsumma, na rataya bargo, duk a banza. Itacen da muke ƙonawa ya kusa ninka na gidan Dagny, kuma ni nake shigo da shi. Bara Mama ta kwanta da ciwon ƙirji mako shida. Likita ya tsaya a gindin matakala, ya ɗaga hannu ya ji iskar, ya kalle ni kamar ni ce marar hankali, ya ce wani hunturu irin wannan ba lallai ta tashi ba. Ita kuwa tana daga kwance ta ce masa ya kula da aikinsa na allura, tagogin gidanta ba marasa lafiyarsa ba ne.

Ranar Talata Mama ta tafi shan kofi gidan Dagny. Tana fita na ɗauki tagar na hau sama ni kaɗai. Ina so in ce miki don ƙirjinta na yi, kuma akwai wannan a ciki, amma ba zan yi miki ƙarya ba. Na ji daɗi. Na danna katakon da tafin hannu har ya yi ƙara, na liƙa takarda ninki biyu, ban sa ko fure ɗaya a tsakani ba. Ina shafa kunun ina cewa a raina, to, shafaffiya da mai, sai ki zo ki buɗe mu gani. Da na gama na zauna a bakin gadonki, ɗakin ya yi tsit, zuciyata ta yi fari tas. Sixten ya leƙo, ya ga abin da na yi, ya ce shi dai babu ruwansa, in an tambaye shi yana garke tun safe.

Mama, matar da ba ta gane fuskar fasto sai ya yi magana, tun daga bakin shinge ta gane an saka tagar. Ta tsaya da sandarta ta ɗaga kai, wai hasken gilashin ya canza. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta shigo ta cire gyalenki ta ninke, ta zauna. Daga ranar ta daina kiran sunana. “Matar Sixten, in ba damuwa a miƙo mini madara.” “An gode, matar Sixten.” Da safe na zo saka mata maɓalli ta ce a bar shi, ta wuni da riga a buɗe da mayafi a kai. Kawu Helmer ya zo ya tarar da mu haka, ya ce gidan ya yi ɗumi amma shi gara ya koma waje ya sha iska, ya shanye kofinsa a tsaye ya fice.

Ranar Alhamis da rana ina ƙona karan dankali a bayan gida, na shigo shan ruwa ban ga Mama a kicin ba. Sandarta tana jingine a gindin matakala. Shekara biyu rabonta da hawa matakalar nan, Majken. Na hau da gudu na tarar da ita a durƙushe a kan gadonki, wuƙar man shanu a hannunta, tana kankare takardar. Ta yi kusan awa guda a wurin, abin da ta iya ɓamɓarewa bai kai tsawon hannu ba, kuma wuƙar tana ta suɓuce mata. Ba ta juyo ba. Cewa ta yi, “Kin liƙa ta da kyau, ba a taɓa liƙa taga haka a gidan nan ba.”

A nan ne bakina ya kusa kuɓuce mini. Gwangwanin shayin ya faɗo mini a rai, na ji kamar in sauka in ɗauko in karanta mata takardun ɗaya bayan ɗaya da babbar murya. Na haɗiye. Maimakon haka na ce mata shekara goma sha ɗaya ina ɗauko itace saboda wadda ba ta nan, na ce ni da nake wanke mata ƙafa ina yanke mata farce, me aka taɓa bari a buɗe saboda ni. Ina kuka ina faɗa, da hannuwana baƙi ƙirin da toka. Ta juyo ta dube ni da mamaki na gaske, kamar na tambaye ta abin da ya sa rijiya take tsakar gida, ta ce, “Gunborg, ke ai kina nan.” Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Sannan ta ce, a hankali, ita ba za ta zama uwar da ta rufe ba. In Majken ta ce a rufe, a rufe, amma ita da hannunta ba za ta gaya wa 'yarta cewa an daina jiranta ba.

Na karɓi wuƙar. Ni na liƙa, ni na kankare, kuma ninki biyun nan sai da ya ci mini farce uku. Na ciro tagar na jingine bayan ƙofa, na goyo Mama a bayana na sauko da ita, ba ta kai buhun dankali nauyi ba. Da safe ta miƙo mini ƙirjinta na saka mata maɓalli, ta kira ni da sunana, ta ce kofin ya yi ruwa. Mun shirya ke nan, irin shiryawarmu.

Amma shekaranjiya raɓa ta daskare a kan kabeji, jiya kuma Mama ta fara tari. Ƙaramin tari ne, busasshe, irin wanda na bara ya fara da shi. Na matsar da gadonta kusa da murhu, ta sa Sixten ya mayar da shi inda yake, wai daga can take jin motsin hanya.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba roƙo ba ne ƙwarai. Ki rubuta wa Mama da hannunki. In za ki zo, ki rubuta rana da sunan jirgi, ni kuma zan share ɗakinki, in yi miki burodin kirfa, in haɗiye kishina in tarye ki a tasha, in ƙona duk itacen da ke dajin nan ba tare da ƙorafi ba. In ba za ki zo ba, ba wanda zai zarge ki, hanya da nisa, yara suna makaranta. Amma ki rubuta mata cewa ba za ki zo ba bana, ki ce ke kika ce a saka tagar. Maganarki kaɗai za ta ji, wannan kam na gama yarda da shi, ko da yake yana ci mini rai. Kada ki sake cusa mini 'yar takarda. Ba zan ƙara karanta mata “wataƙila” in ɓoye sauran ba. In wasiƙarki ta zo da kalmar nan, zan karanta mata ita, sannan in karanta mata abin da ke cikin gwangwani, ta ji haushinmu mu biyu, amma ta kwana cikin ɗumi. Zan jira ki har Lahadin ƙarshe ta Nuwamba. Takardar liƙi tana yanke, audugar tana nan, kuma wannan karon na ware furanni.

Ki gaishe mini da Rolf, ki ce masa motar ta yi kyau, duk ƙauye ya shaida. Ki sumbaci Lennart da Anita, ki gaya musu suna da inna a nan da ta saƙa musu safa, safar za ta biyo baya tare da busasshiyar tuffa. Sixten yana gaishe ku, Kawu Helmer ma haka, Dagny ta ce a tambaye ki ko har yanzu kina tsoron kaji. Mama tana zaune a gabana yanzu da gyalenki, ta san ke nake rubuta wa, ba ta san me nake rubutawa ba. Ta ce in gaishe ki da kyau, in gaya miki kada ki damu da komai, ɗakinki yana nan yadda kike sonsa. Tari ya katse ta kafin ta ƙarasa, amma na rubuta yadda ta faɗa.

Allah ya kiyaye ku, ya kiyaye mana ita.

Yayarki da ke gida,
Gunborg