Adasar Baba Ta Ƙi Shiga Sabuwar Kyamara

Assalamu alaikum Ustaza Ruƙayya,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa sunana. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Ni ba na iya magana a gaban mutane, ko a gida sai an tambaye ni sau biyu nake amsawa, shi ya sa na ga gara in rubuto miki. Shekaruna sha shida, aji takwas na gama ban ci gaba ba. Idan kin ga kuskure ki yi haƙuri.

Babana mai hoto ne a kasuwar Gadarif, bayan layin masu buhuna. Ya rasu a Rajab ɗin bara, ciwon kwana huɗu. Yawancin masu zuwa shagonsa leburorin riɗi ne. Idan an gama yanka a gonakin Ƙala'at an-Nahal ko Fau an sallame su, sai su biyo a ɗauke su hoto, washegari su karɓa su hau mota. Yana da farar jallabiya guda da rawani da wani agogon hannu da ya daɗe da mutuwa. Duk wanda ya zo su zai sa, don mutanen gida su ga ya samu. Ni ce mai wanke jallabiyar da guga tun ina shekara tara.

Har ya rasu da kyamarar fim yake aiki, ko da kowa ya koma mai memori. Abin da ya bar mini ke nan, da adasa uku, wato gilashin gaba da ake cirewa a sa wani. Yana ajiye su a gwangwanin alawa, da ɗan ƙullin shinkafa a ciki saboda danshin damina. Akwai gajera ta ɗaukar fuska, akwai mai faɗi ta taron mutane, akwai wata doguwa mai nauyi da ban taɓa ganin ya ɗora ba sai sau biyu. Da gajerar ya koya mini. Yakan ce in murɗa a hankali har sai na ga gashin idon mutum ɗaya ɗaya, sannan in riƙe numfashi in danna. Yakan tsokane ni ya ce bakina ne ke rawa amma hannuna ba ya rawa. Wurin da babban yatsansa ke zama a jikin adasar nan fenti ya goge, ƙarfen ya fito fari. Idan na sa yatsana a wurin sai in rasa abin da ke mini daɗi.

Bayan rasuwarsa muka saki shagon, muka sayar da benci da labulen da aka zana wa kogi. Mai wanke fim ɗaya ya rage a gari, shi ma ya rufe. Sai na shiga cikin matan da ke tsince riɗi a kasuwar amfanin gona, na yi kaka guda ina tarawa. Inna, mahaifiyata, ta ƙara mini da kwasar adashinta. Na ba Baffa Mudi, ƙanin Baba, wanda ke tuƙa motar dawa zuwa Hartum, na ce ya sayo mini kyamara mai memori wadda adasar Baba za ta shiga.

A nan na yi kuskure, Ustaza. Ban ba shi adasar ya tafi da ita ba, don ina tsoron ta fashe a mota. Kuma ni a zatona adasa adasa ce, kowacce za ta shiga kowace kyamara. Maganar ma daga bayan ƙofa na yi masa ita, ƙasa ƙasa. Ban sani ba ko ya ji rabinta.

Ya dawo da wata 'yar ƙarama, ta hannu ce amma fes take, ba nauyi, da tata adasar ta roba. Yana ta murna yana cewa mai shagon ya rantse masa ita ake yayi. Na shiga ɗaki na ciro gajerar Baba na gwada. Ba ta shiga ba, bakinsu ba ɗaya ba ne. Na gwada sauran biyun, haka. Na danna da ƙarfi har na ji ƙarfe ya karci ƙarfe, sai na tsorata na bari. Da na leƙa cikin sabuwar sai na ga ko madubi babu. Ta Baba akwai ɗan madubi a karkace a ciki, kuma yakan ce shi ne zuciyar kyamara. Wannan rami ne kawai da wani ɗan gilashi mai sheƙi a ƙasa.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Ni da ba na ɗaga murya, na fito tsakar gida na ce wa Inna ko dai an cuci Baffa, ko shi ya sayo mai araha ya riƙe sauran. Ashe yana zaure yana shan shayi. Ya shigo ya ajiye takardar shagon da ragowar kuɗin a kan tabarma, ya sa takalminsa ya fita. Sati biyar ke nan. Yana zuwa ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya ajiye mana dawa, ba ya shigowa. Ni kuma ina jin muryarsa nake ɓuya. Abin da ya fi cin raina shi ne kamarsu ɗaya da Baba, goshin da tafiyar da yadda yake gyaran murya. Kamar Baba ne ya yi fushi da ni ya tsaya a waje.

Yanzu Salihu mai shagon wayoyi ya ce zai sayi adasa ukun da tsohuwar kyamarar a dunƙule. Inna ta ce a sayar, a haɗa da sabuwar, a saya mini keken ɗinki. Ta ce gwangwanin alawa ba ya jin yunwa amma ƙannena suna ji, kuma ita ba ta ga yadda 'ya mace za ta rataya kyamara ta shiga kasuwa a wannan zamani ba a tare ta da tambaya ba. Ba ta faɗi ƙarya ba. Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Abin da ya sa ban haƙura ba shi ne maƙwabciyarmu Jummare. 'Yarta Shatu za a kai ɗakin miji bayan an gama kwasar riɗi. Kin san ranar lalle da ranar rawar amarya namiji ba ya shiga, wayoyi ma a bakin ƙofa ake karɓe su. Jummare tana son hoto, amma ta ce ko za a yanka ta ba za a kai hoton 'yarta shago maza su buɗe suna kallo ba. Ta ce idan zan ɗauka in wanke a gida a gabanta, aikin nawa ne, kuma za ta gaya wa 'yan uwanta.

Na sa tob ɗin Inna, wato babban mayafinta, na je na duba firinta. Iri biyu na gani. Ɗaya ƙarama kamar burodi, hotonta girman tafin hannu, amma takardarta da tsada. Ɗayar babba ce da kwalaben tawada a gefe, tana fitar da babban hoto, mai shagon ya ce ita ce mai riba. Ragowar kuɗina zai kai ƙaramar har ɗan abu ya saura. Babbar kuwa sai na sayar da adasar Baba.

Ustaza, an cuce mu ne a kyamarar nan? Wace firinta zan saya? In bi maganar Inna? Idan na sayar da gajerar nan, ban san me zan riƙa taɓawa ba.

'Yar mai hoto,
Gadarif

*

Wa alaikis salam 'yata,

Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta. Wasiƙarki ba ta da abin da za a yi wa haƙuri, na fahimci komai.

Na kai ta wurin ƙawata Sara, wadda ta shekara ashirin tana ɗaukar hoton bukukuwan mata. Da ta zo wurin madubin sai ta ajiye takardar ta ce in gaggauta ba ki amsa kafin a sayar da komai. Ba a cuce ku ba. Akwai sabon samfurin kyamara da ake ƙerawa babu madubi, da gangan, kuma irinta Baffanki ya sayo. Rashin madubin ne ya sa jikinta sirara, sirantar kuma ita ke barin wurin da za a sa wani zoben ƙarfe da ake kira adafta. Bakinsa ɗaya ya kama kyamara, ɗayan ya kama tsohuwar adasa. Babu gilashi a cikinsa, don haka ba shi da tsada. Sara ta ce da ya sayo mai madubi ta wani kamfani daban, da wuya a samu yadda za a haɗa su. Abin da kika ɗauka aibi ne, shi ne zai dawo miki da adasar Babanki.

Ga abin da za ki sani. Da zoben nan kyamarar ba za ta saita hoto da kanta ba, ke za ki murɗa da hannu, wanda dama shi aka koya miki. Hoton zai ɗan matso fiye da yadda kika saba, sai ki ja baya taku biyu. A tafi shago da kyamarar da adasa ɗaya, a ɗaura, a ɗauki hoto a gani kafin a biya, kuma mai shagon ya buɗe saitin da zai bar ta ta yi aiki da tsohuwar adasa. Kada ki ƙara dannawa da ƙarfi, kada kuma yatsa ya taɓa gilashin nan na ciki. Ta robar ma kada ki raina ta. Lokacin rawa amarya ba ta tsayawa, ita za ta fi miki sauri.

Batun firinta, mai shagon bai yi ƙarya ba. Mai kwalabe ta fi araha a kowane hoto, kuma tana fitar da babba. Amma tana son aiki kullum. Idan ta yi kwanaki a ajiye cikin zafi da ƙurar Gadarif, tawadar ta bushe ta toshe, gyaran ya cinye ribar. Ba kuma za ki ɗauke ta zuwa gidan biki ba. Ƙaramar takardarta da tsada, hotonta ba ya wuce tafin hannu, amma yana fita a bushe, ba ya saurin koɗewa, kuma takarda da launi tare ake sayar da su, kin san abin da kowane hoto ya ci. Aikinki na cikin gida ne a gaban uwar amarya, don haka ƙaramar za ki saya. Ki tambaya ko ana samun takardarta a Gadarif kullum, ki tambaya ko tana aiki da batir saboda ɗaukewar wuta. Ranar bikin, idan kin gama wankewa, ki goge memorin a gaban Jummare tana kallo. Ko ɗaya kada ki rage, komai kyansa. Wannan ne zai kai ki gida na biyu da na uku.

Innarki tana da gaskiya, ita ke kallon tukunya. Ki karanta mata amsar nan, ki nemi ta ɗaga miki har biki uku. Idan abin bai kawo komai ba, keken ɗinki ba abin kunya ba ne. Doguwar adasar da ko Babanki bai yi aiki da ita ba, ki sayar, bayan kin ji farashi a wuri biyu, kuɗin ya shiga cefane da takarda. Gajerar da mai faɗin kuwa kayan aikinki ne, ba na sayarwa ba. Kasuwa ki bar ta tukuna, matan unguwa sun ishe ki.

Saura Baffanki. Kin zarge shi da abin da bai yi ba, kuma har yau bai daina kawo muku dawa ba. Kada ki aika, kada ki yi magana daga bayan ƙofa. Ki fito zaure, Inna na gefenki idan bakin ya ƙi, ki ce ya yafe miki. Sannan ki naɗe kyamarar da gajerar adasar a mayafi ki sa masa a hannu, don zoben nan a Hartum za a same shi, kuma shi ne mai zuwa can. Amanar da kika hana shi a karon farko ita zai gane, fiye da duk abin da za ki faɗa.

Idan ya dawo, ki goge farar jallabiyar ki ba shi ya sa, da rawanin da mataccen agogon. Ki zaunar da shi inda haske yake, ki sa yatsanki inda fentin ya goge, ki murɗa har ki ga gashin idonsa. Takardar farko da za ta fita daga firintar tasa ce. Ta biyu ki riƙe.

Allah ya sa albarka a hannunki, ya sanyaya zuciyar Innarki, ya kai Shatu ɗakinta lafiya.

Ustaza Ruƙayya