Mai Takaba Ba Ta Yin Lalle

Zuwa ga Hajiya Shugabar Ma'aikatan Jinya Masu Duba Tsofaffi Gida-Gida,
Ta yankinmu na cikin birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, ina gaishe ki gaisuwar girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki. Sunana Sabi'u, baduku ne ni, ina ɗinkin takalma a wata 'yar rumfa kusa da Ƙofar Ruwa. Ba na son fito da maganar cikin gidanmu fili, Allah ne shaidata. Amma sau uku ina zuwa ofishinki. Zuwan farko aka ce kina taro, na biyu aka ce kin fita zagaye, na uku wani mutum ya ce in je in rubuto, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. To ga shi na rubuto, amma inda kowa zai karanta, domin na ga inda takardun mutane ke ƙarewa a ofishin nan: na ga masinja ya ɗora kwanon wake da shinkafa a kansu.

Maganar mahaifiyata ce, muna ce mata Inna. Ta haura shekara tamanin, ta daɗe da ciwon suga, tana zaune a gidanmu na gado a can cikin lungu. Lokacin da aka fara aikinku, mai unguwa ya rubuta sunanta, aka ba ta kati aka rataye a ƙusa a zaure, aka ce duk mako biyu, ran Talata, nas za ta zo ta auna ta, ta duba mata ƙafa. An ja mana kunne sosai a kan ƙafar nan. Aka ce mai suga ƙafarsa na iya mutuwa bai ji zafi ba, don haka sai an duba masa da ido.

Ba wanda ya kai ni murna, kuma zan faɗi dalili. Ni ne ɗan farin Inna. Ke ma 'yar garin nan ce, kin san abin da wannan ke nufi a wurin tsofaffinmu. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "wancan". Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon bango. Shekara da shekaru ni nake ɗinka mata takalmin Sallah, amma ban taɓa gwada ƙafarta ba, tsohon takalminta ake aiko mini in auna. Ƙanwata Rabi tana aure a Gusau. Matata kuwa suruka ce, Inna ba za ta kware mata ko idon sawu ba. Abin da mu 'yan gida kunya ta hana mu gani, shi muka ɗauka nas za ta gani.

Kuma da fari an gani, ba zan ci amanar gaskiya ba. Nas ɗin da kuka fara turo mana wata dattijuwa ce mai gilashi. Tana zuwa ta tuɓe takalmi, ta zauna dirshan a kan leda, ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta tana bin yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana tsokanarta wai kaushin ƙafarta ya isa kankare tukunya. Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Aka yi mata canjin wurin aiki, aka kawo wata. Bai fi wata guda ba bayan haka mahaifinmu Malam ya rasu, Inna ta shiga takaba, ƙanwarta Iya Zulai ta dawo gidan don ta taya ta zama. Iya Zulai tana da yana a ido, da ƙyar take gane mutum, amma kunnenta ras yake. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Sabuwar nas ɗinku ba ta taɓa shiga ɗakin Inna ba, ko sau ɗaya. Takalmi mai igiya take sawa, fari tas, kuma ba a shiga ɗakin tsohuwa mai sallah da takalmi. Maimakon ta tuɓe, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga labule da biro, ta ce Hajiya ta matso da hannu. Tsohuwar da a haife ta haifi uwarta ce za ta ja gindi daga kan darduma zuwa ƙofa a soka mata allura a yatsa. Daga baya ma awon ya zama sai ran da ta ga dama, sauran ranakun tambaya ce kawai, ya jiki, a ce da sauƙi, ta juya. Ranki ya daɗe, takalmi sana'ata ce. Irin wanda take sawa, kwance igiyarsa da ɗaurawa bai kai tsawon karanta Fatiha biyu ba.

Na biyu, kuma shi ne abin da ke tayar mini da zuciya duk lokacin da na tuna. Wajen wata biyu da shiga takaba, Inna ta ga yatsun ƙafarta ta hagu biyu sun fara baƙi. Ba zafi, ba ruwa, ba wari. Ta sa safa ta rufe, ba ta gaya wa kowa ba, ta jira Talata. Da nas ta zo ta ɗaga labule, sai Inna ta zare safar, ta miƙo ƙafar daga ƙarƙashin zane zuwa inda hasken ƙofa yake. Wanda ya san Inna ya san wannan miƙo ƙafar ya fi ihu a wurinta. Matar da ko tari take yi sai ta toshe baki da mayafi kada a ji!

Nas ɗinku ta leƙo daga inda take tsaye, ta yi dariya, ta ce, "Iye, Hajiya an sha lalle!" Ta saki labule, ta tafi gida na gaba.

Lalle! Haba, ranki ya daɗe, lalle fa! Yarinyar nan Bahaushiya ce, Musulma, da bakinta ta yi wa Inna ta'aziyya a bakin wannan ƙofar. Wace mace ce a garin nan ba ta san mai takaba ba ta ƙunshi, ba ta kwalli, ba ta turare? 'Yar talla ta sani. Ba ma sai an je makarantar jinya ba. Da ta tsaya ta yi tunani na daƙiƙa ɗaya, da ta ce, tsaya, matar da mijinta bai cika wata uku a ƙasa ba, me ya kai lalle ƙafarta, kuma a yatsu biyu kacal? Amma ina, hankalinta na kan ta gama lungun nan kafin rana ta yi zafi. Tir da wannan aiki.

Iya Zulai ta ji maganar da kunnenta, har ta yi tsaki, ta ɗauka rashin ta-ido ne kawai irin na yaran zamani, domin ita ba ta ga ƙafar ba. Inna kuwa ta janye ƙafarta, ta mayar da safa. Daga baya ta gaya wa Rabi cewa abu biyu ne suka rufe mata baki. Ta ce in mai ilimin abin ta gani ta yi dariya, to ba wani abu ba ne. Ta kuma ce kunya ta kama ta, kada magana ta fita a lungu cewa tana ƙunshi tun ba a share makokin Malam ba. Shekara sittin da wani abu suna tare, wannan zargin ya fi mata ciwo a kan ƙafar.

Na uku. Nas ta sake zuwa sau biyu bayan ranar, Inna ba ta ƙara nuna mata ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ni na lura Inna ta koma sallah a zaune. Na tambaya daga bakin ƙofa, ta ce gwiwa ce. Sai da Rabi ta zo daga Gusau, ta matsa sai ta zuba mata ruwan alwala da kanta, ta zare safar. Salatin da ta saka har maƙwabta sai da suka shigo. Aka aiko mini rumfa, na zo a guje da basilla a hannu ban ma sani ba. Ranar ce na fara ganin ƙafar mahaifiyata da idona, ina da shekara sittin a duniya. Baƙin ya cinye yatsun ya hau har bayan ƙafa, ya fara wari.

Ko a nan sai da aka kai ruwa rana, Inna ta ce ba ta fita daga ɗakin mijinta sai kwanakinta sun cika. Sai da liman ya zo da kansa ya tsaya a tsakar gida ya gaya mata addini ya yarda mai takaba ta fita don larura. A kan kujera muka ɗauko ta mu huɗu, domin mota ba ta shiga lungunmu. Likitan da ya duba ta ya tambaye mu tun yaushe, muka faɗa masa, ya girgiza kai. Ya ce da a makon da abin ya fara aka kawo ta, mai yiwuwa da yatsun kawai za a cire. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na huɗu. Bayan an sallamo mu na ciro katin nan daga ƙusa, na kai wa wani malamin makaranta maƙwabcina ya karanta mini, domin da Turanci aka rubuta shi. Akwai layin da aka ware don ƙafa. Kowace Talatar zuwan nas an sa alamar lafiya lau. Ranar lalle, lafiya lau. Talatar da ta biyo, lafiya lau. Har da Talatar da Inna ke kwance a gadon asibiti, kwana uku da yi mata tiyata, gidan ba kowa sai Iya Zulai, an zo an tsaya a zaure an rubuta ƙafafu biyu lafiya lau, an sa hannu. Ƙafar da muka riga muka naɗe a farin ƙyalle muka binne! Wallahi da na ji haka sai da miyau ya taru mini a baki, na fita waje na tofar. Katin yana hannuna, duk mai son gani ya zo rumfata.

Na biyar. A zuwana ofishinki na ji amsoshi kala-kala. Wani ya ce gidaje sun yi wa ma'aikata yawa. Na yarda, amma dattijuwa mai gilashi ma gidajen nan ne take bi. Wata ta ce ai tsofaffi ɓoye ciwo suke yi. To ba don suna ɓoyewa aka ɗauke ku aiki ba? Kuma Inna ba ta ɓoye ba, ta nuna, aka yi mata dariya. Wani kuma ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ba a bakin ma'aikacinki zan koye ta ba. Amma ba ƙaddara ce ta riƙe biro ta rubuta ƙarya a zaurenmu ba.

Ba na wanke kaina. Na ga uwata tana sallah a zaune, na karɓi maganar gwiwa don ita ce ta fi mini sauƙi, na koma rumfa na ci gaba da yankan fata. Kunyar da na ɗauka ladabi ce ta taimaka wajen cin ƙafar Inna, zan mutu da wannan a zuciyata. Sai dai ni ban sa farar riga na ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu ina dubawa ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ba na neman a kori yarinyar nan, wataƙila ita ma wani gida ya dogara da ita. Ina so ki kawo ta da kanki, ta tuɓe takalmi, ta shiga ɗakin, ta zauna a ƙasa, ta kwance bandejin da hannunta ta ga lallen da ta yaba. Ina so a daina rataye kati a zaure, a mayar da shi cikin ɗakin marar lafiya, can ƙurya, inda ba mai kaiwa gare shi da takalmi. Ina so ki bi lungunmu da na bayanmu ki sa a cire wa kowane tsoho mai suga safa a duba, domin nas ɗin nan ba gidanmu kaɗai take ɗaga wa labule da biro ba. Sannan Inna tana da sauran ƙafa ɗaya, likita ya ce ita ma sai an sa ido. Har yau sunanta na cikin littafinku, kuma har yau wannan nas ɗin ce ke zuwa.

Juma'ar da ta wuce Inna ta fita takaba. Mata suka taru kamar yadda aka saba, aka yi mata wanka, aka ba ta sabon zane, Rabi ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mata ƙafa guda, sauran lallen ya bushe a kwano. Tun farkon takabar na yanka mata takalmin wannan rana, jar fata mai laushi, na ɗinka ƙafa biyu na ajiye. Na kai mata na dama, na durƙusa na sa mata da hannuna, ta juya fuska bango amma ba ta janye ƙafar ba. Na hagun kuwa na naɗe shi a takarda na bar wa maigadin ofishinki, da sunanki a jiki. Ki karɓa, ranki ya daɗe, ki ajiye a kan teburinki inda ma'aikatanki ke sa hannu kafin su fita zagaye. Sabo ne, ba a taɓa taka ƙasa da shi ba.

Allah ya taya ki riƙon amanar da aka ɗora miki, ya ba ki ma'aikata masu tsoronsa. Allah ya ja kwananki ki tsufa cikin mutunci, ranar da kuma ƙarfi ya ƙare kika miƙo ƙafa ba ki iya cewa komai ba, Allah ya haɗa ki da mai tuɓe takalmi ya shigo.

Wassalam.

Sabi'u Baduku, ɗan farin Inna,
Ƙofar Ruwa, Kano.