Moɗar da kika riƙe wa Bala

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kabarinki yana cikin ni'ima. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma akwai maganar da ke kaɗai ya kamata in faɗa wa.

Jikana Mustafa, ɗan wajen Hauwa'u, ya shekara biyu da rabi bai ce uffan ba. In an kira shi ba ya waiwaye, ba ya haɗa ido da kowa. Mun kai shi asibiti a Talata Mafara, likita ta ce galahanga ce. Ta ce babu allurar da ke warkar da ita, amma yaron da aka fara koya wa tun yana ƙarami ya fi saurin kamawa. Ubansa kuwa cewa ya yi nauyin baki ne, a ƙyale shi. Tsorona kada mu yi ta jira har lokaci ya ƙure masa.

Da likitar ta fara nuna mana yadda za a riƙa koya masa, sai na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da kika yi wa ƙanena Bala ne, ba ragi.

Kin tuna lokacin da aka tare gulbi aka yi dam ɗin Bakolori, ruwa ya ci gonarmu ta wajen Maradun, muka koma Birnin Tudu. Bala yana ɗan shekara biyu, ba magana, ba wasa da yara. Aikinsa ɗaya: ya zauna gindin randa yana ɗebo ruwa da moɗa yana zubarwa, yana kallo.

Tsofaffin unguwa suka ce ɗan ruwa ne, wai tunda an tare wa mutanen gulbi hanya sai suka shigo cikin yara. Suka ce a dama gumba a kai shi bakin ruwa a ajiye, ya koma wajen danginsa. Ba ki ɗaga murya ba. Cewa kawai kika yi, "Ɗana na. Ni na haihe shi, ba gulbi ba."

Daga ranar kika ɗauke moɗar. In ya zo randa sai ki durƙusa daidai tsayinsa, ki riƙe ta kusa da fuskarki, ki ce, "Dube ni tukun." Sai ya dube ki za ki ba shi. Da ya saba da wannan, kika koma jiran sai ya miƙo hannu. Daga nan sai ya yi wani sauti, ko da "ru" ne.

Ni kuwa, Inna, mugunta na ɗauki abin. In kin shiga ɗaki sai in saci moɗar in ba shi don ya bar kuka. Ranar da kika kama ni ba ki doke ni ba, kika ce in na riƙa yi masa tambayar da bakina, yaushe zai yi da nasa? Sai da damina ta zagayo kafin ya ce "ruwa" sosai.

Bala bai warke ba, kin sani. Har yau maganarsa ƙirge take, kuma ba ya son taro. Amma shi ke jan ruwa da tiyo daga kwatar ruwan dam zuwa gonar shinkafarmu, kuma in cikinsa na ciwo yakan faɗa.

Ga abin kunyar: da tsufana na sake kuskuren nan. Kafin Mustafa ya motsa na miƙa masa abin da yake so. Hannuna ya ƙi koyon jira, kuma raina ba ya jure kukansa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Bala ya zo gidan Hauwa'u, ina can. Ya tarar da Mustafa yana jan zanena zuwa randa, ni kuma har na ɗauko moɗa. Bala, da furfurarsa, ya karɓe ta daga hannuna. Ya durƙusa, ya ɗaga ta kusa da fuskarsa, ya ce, "Dube ni tukun." Da irin muryarki ya faɗa. Mustafa ya yi kuka, ya buga ƙafa, Bala bai motsa ba. Can sai yaron ya ɗaga kai ya dube shi. Uban Mustafa yana tsaye a bakin zaure, ya ga komai, kuma shi da kansa ya mayar da yaron da uwarsa wajen likita ranar Litinin.

Na yi kewarki ƙwarai a ranar, Inna. Ki yafe mini moɗar da na riƙa sacewa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ya buɗe bakin Mustafa, ni kuma Ya ba ni haƙurin jira irin naki. Amin.

Ɗiyarki,
Asabe