Gugu da Kajin Inna

Aikin farko yau: kai wasiƙar Yulan gidan waya kafin a buɗe masana'anta.

Dongguan, ƙasar Sin, 3 ga Maris

Yulan, ina gaisuwa, a gaishe min da Inna. Jiya Dundun ya cika wata ashirin da biyu. Tun da muka bar shi hannunku ina rubuta duk abin da kuka ce ya yi: zama, rarrafe, haƙora takwas. Shafin magana ne har yau fari fat. Ran Lahadi na kira sunansa ta waya sau shida, numfashinsa kawai na ji, sai Inna ta karɓe wayar da sauri. Wataƙila zargi ne ya yi min yawa, amma ki gaya min: yaron nan yana ji?

Matar yayanki, Meifen

12 ga Maris

Matar Yaya sarkin lissafi, muna lafiya! Ajiye littafin nan ki sha ruwa. Ɗanki ya yi magana, kuma ba ke ya fara kira ba, ni gwaggonsa ya kira. Da safe na fito tsakar gida da kwanon dusa, ya ɗaga hannu ya ce "Gugu! Gugu!" Kishi kada ya kashe ki.

Yulan

21 ga Maris

Yulan, ina gaisuwa. Na karanta sau huɗu, na yi kuka, sannan na tsaya a kan kwanon dusa. Gugu gwaggo ce a yarenmu, na sani. Amma da "gu-gu-gu" Inna take kiran kajinta. Ke yake kallo ko su? Ki taimake ni da abu ɗaya: ki tsaya bayansa, inda ba ya ganinki, ki buga murfin tukunya.

Meifen

2 ga Afrilu

Matar Yaya, muna gaisuwa. To, kin kama ni, kaji yake kallo. Ni ko na ce "Dundun" ba ya juyowa, ban so in faɗa miki kina nesa ba. Murfi kuwa na ɗauka, Inna ta fizge, ta ce in ya firgita kurwarsa za ta gudu, wa zai bi bakin kogi yana kiranta? Ta ce yayana ma sai da ya shekara uku kafin ya yi magana. Ki yafe min.

Yulan

11 ga Afrilu

Yulan, na gode da gaskiya. Wanda ba ya ji, ina ya samo kiran kaji? Da wannan nake lallashin kaina. Sai kuma in ce ai leɓen Inna yake gani kullum. Kada ki sake taɓa murfi, ina zuwa. Ku huta lafiya.

Meifen

Ayyukan gobe:
Neman hutu wajen shugabar layinmu a masana'anta.
Tikitin jirgin ƙasa.
Tambayar inda ake gwajin kunne.
Gaya wa babansa, ban yi ba tukuna.
Koyon kiran kaji irin na Inna, in tsaya bayansa in gwada.