"To" Ɗin Baba Yamusa

Litinin, 10 ga Yuli, 2006

Dakta Lucy ta iso daga Birazil da sabon irin wake, wanda aka haɗa nasu da namu. Yana nuna da wuri, ƙarancin ruwa ba ya kashe shi, kuma ƙasashe biyar za su gwada shi a daminar nan. Ko "sannu" ba ta ji, don haka aka ce in zama bakinta wajen manoma. Shekara huɗu ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin cibiyar nan, sai yau shugabanmu Oga Badaruddeen ya tuna ina da baki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 19 ga Yuli

Mun je wani ƙauyen Gbagyi a bayan Dei-Dei. Manoma ashirin a gindin mangwaro, babbansu Baba Yamusa a gaba. Lucy ta yi bayani, na juya da Hausa, muka raba iri. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko za su shuka. Kowa ya ce "to". Ni kuma ina rubuta "ya amince". Ashirin cif! Kafin la'asar ta aika wa abokan aikinta na Mali da Indiya labari. Matar tana da kirki. Gasasshiyar masara uku ta ci a hanya, ta ce irin ta garinsu ce.

Asabar, 29 ga Yuli

Ruwa tun safe, unguwarmu Lugbe duk taɓo. Na yi wanki, bai bushe ba.

Alhamis, 24 ga Agusta

Na koma ƙauyen ni kaɗai don duba tsiro. Gona uku kacal na ga wakenmu. Sauran goma sha bakwai tsohon irinsu ne mai yaɗo. Idan gonakin gwaji ba su kai goma ba, dokar aikin ita ce a cire ƙauyen, kuma ni ce na rubuta ashirin da hannuna.

Na sami Baba Yamusa yana gyara kunyar doya. Na ce, "Baba, ba kun ce za ku shuka ba?" Ya dube ni yana dariya. "Yarinya na, mun ce to. Baƙo ya zo daga nesa, za ka ce masa a'a a gaban mutane?"

Kunya ta kama ni. Ni da aka haifa a Zariya, ni da nake cewa Inna "to" in tafi in yi abin da na ga dama, ni ce na mayar da "to" alkawari don ina ɗokin faranta wa baƙuwa. Na tambaye shi laifin waken. Ya ce ya ga irinsa mai saurin nuna a gonar gwajinmu bara. "Ɗan shi yana da yawa, amma jiki babu. Harawa fa? Akuya na zai ci me da rani? Masu shanu na Dei-Dei har gida suke zuwa nema."

Takardarmu tana da gurbin ƙwaya, da na kwanakin nuna, da na ƙwari. Babu gurbin ganye da karan da dabbobi ke ci.

Juma'a, 25 ga Agusta

Na faɗa wa Oga. Ya ce, "Ikilima, report ya riga ya tafi. Ki auna ukun nan, mu lissafa sauran. Kada ki ɗaga wa baƙuwa hankali." Abincin rana ma ban iya ci ba.

Talata, 29 ga Agusta

Na faɗa wa Lucy. A mota, direba yana shan mai. Na fara da cewa kuskurena ne, na bayyana mata "to" iri-iri: na yarda, na ji, da na ka ƙyale ni. Na ƙara da maganar harawa, ina ta tunanin inda zan nemi wani aikin. Sai ta ce in sake faɗin kalmar nan ta ganye. Sau huɗu tana gwadawa, "harrawa" take cewa. Ta rubuta a tafin hannunta.

Litinin, 11 ga Satumba

Ashe a Mali ma haka aka yi, manoma suka karɓi iri suka ajiye, babu wanda ya gano dalili! Daga Indiya kuma wani masani ya ce yana da irin da ke yin ganye sosai, zai aiko a haɗa da na Lucy. An ƙara gurbin harawa a takardar ƙasashen biyar. Ba a cire ƙauyen ba: gonaki goma sha bakwai ɗin nan su za a auna don kwatanci. Oga yana gaishe ni sama-sama. Zai huce.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Yau mun auna harawa da sikelin rataye a reshen mangwaro. Tsohon irin ya ninka namu, Baba Yamusa sai kallona yake yana gyaɗa kai. Lucy ta hau rufin rumfa da kanta don ganin yadda ake jibge ta, matan gari suna ta shewa. Na gaji liƙis, ƙaiƙayi har cikin ɗankwali, amma raina fes.

Alhamis, 7 ga Disamba

Lucy ta koma gida, ta bar min rubuta tambayoyin baɗi. Babu ko ɗaya da za a iya amsawa da kalma guda. Oga ya duba ya ce sun yi tsawo, in cire rabi. Na ce ba zan cire ba, in yana so ya zo ƙauye ya ga dalili. A ƙarshe ya sa hannu.

Ban ɗaga murya ba. Ina jin dai ban ɗaga ba.